Jan Idon Auta

Akwai wata uwa mai samari biyu, Yaya da Auta. Duk sun gama karatu, duk babu aiki.

Yaya shekara uku yana ɗaki, daga katifa sai waya. Auta kuwa ya tsiri fita da sassafe. Idan ya dawo idonsa jawur, yana hawaye, yana gudun haske, gaban rigarsa duk ƙananan hudoji na ƙuna.

Maƙwabciyarsu Mai Kitso ta leƙo, ta gani, ta taɓe baki.

"Ido ja, riga a ƙone? Hmm. Ni dai ban ce komai ba, Maman samari. Haka ɗan wance ya fara, yanzu da katanga yake gaisawa."

Tun daga ranar Mama ta koma 'yar sanda. Ta shinshina riga, ta zazzage aljihu, har cikin takalmi ta leƙa. In ta tambaya, sai Auta ya ce, "Wajen abokai na je."

"Abokan ne ke hura maka barkono a ido?"

Ta yanke shawara: tana kama shi, gidan gyaran hali za ta kai shi a kulle. Wata safiya ta ce da Yaya za ta unguwa sai yamma, ta bi bayan Auta tana laɓe-laɓe.

Ya shige wata rumfa a bayan kasuwa. Ta faɗa ciki da shirin kuka, sai ta tarar da shi a tsugune yana walda, tartsatsi na zuba a ƙirjinsa, gilashin kariya a kan goshi.

"Ke ce mamansa?" in ji ogansa, mai rumfar. "Alhamdulillahi! Ki yi masa faɗa. Wai in ya sa gilashi ba ya ganin layin walda. Ni na gaji."

Auta ya sunkuyar da kai. "Mama, kin sha wahala a kan karatuna. Ban so a ce miki ɗanki mai digiri ya koma yaron walda ba."

Da hannunta ta janyo gilashin ta rufe masa ido da shi, ta juya gida tana murmushi.

Azahar ba ta yi ba ta tura ƙofa. Ga Yaya a yashe a falo, baki a sake. Kwalaben maganin tari uku a gefensa babu komai ciki, ga ɗan maganin ɗiga a ido mai wanke ja.

"Maaama... har kin... dawo?"

"Tari kake?"

Ya daɗe kafin ya haɗa magana. "Ba tari ba ne. Yinin ne... ba ya ƙarewa."

Mama ta zauna a ƙasa dirshan.

Darasi: Kada zargi ya tsaya a kan mai fita nema, a manta da wanda zaman banza ke ci a cikin ɗaki. Ku riƙa tambayar matasanku yadda suke yini, ku taya su kama sana'a komai ƙanƙantarta. Ku tura wa iyaye wannan, wataƙila akwai ƙofar da ya kamata a buɗe yau.