Tekun da Baba Bai Gani Ba

Auta tela ne, kuma gwani ne, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya ne: son a gan shi. Ba ya fita ƙofar shago sai ya tsaya gaban madubi ya juya hagu ya juya dama, kuma duk rigar da ya ɗinka wa kansa sai an ɗauke shi hoto da ita kafin ta san wanki. Yayarsa takan ce ko gobara ce ta tashi a gidansu, Allah ya kiyaye, sai Auta ya gyara zaman hula kafin ya gudu.

Mahaifinsu kuwa tsohon mai haƙar rijiya ne. Ƙuruciyarsa duka a cikin rami ta ƙare, yana bin ruwa da diga da igiya, kuma ruwan da ya saba gani bai wuce faɗin faranti ba, can ƙasan rijiya. Shi ya sa labarin teku ya tsaya masa a rai.

"Wai ruwan da ba a hango ƙarshensa!" yakan ce. "Mu da sai mun ci baƙar wuya kafin mu ga danshi? Ni dai sai na gani da idona."

To, idon ne ya fara ba da matsala. Da rana Baba yana gani, ko da yake dishi-dishi, amma rana na faɗuwa sai dundumi ya rufe shi, sai an riƙe masa hannu. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ja Yaya gefe ya gaya mata gaskiya: ciwon ba mai warkewa ba ne, ganin raguwa zai yi ta yi har ya tafi gaba ɗaya, kuma ba da nisa ba.

Da Auta ya ji, sai da ya yi hawaye, don yana son ubansa, wannan ba ƙarya. Nan take ya ce shi zai kai Baba babban birnin nan na bakin teku, su yi yawon buɗe ido, ya ga abin da ya daɗe yana buri.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Yaya. "Amma ka ji ni da kyau. Ranar da kuka sauka, ka fara kai shi tekun. Sauran yawon ya biyo baya."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro kike aika. Tekun guduwa zai yi?"

Abin da Yaya ba ta sani ba shi ne, Auta ya riga ya tsara tafiyar a kan tufafi. Ya ɗinka kaya kala-kala ya cika akwati, kowace riga da wurin da za a ɗauke ta hoto. Farar shadda ita ce ta bakin teku, kuma ya ji an ce ruwan gishiri da yashi suna ɓata yadi, don haka ita ce ta ƙarshe. Kai jama'a, lissafin tela!

Suka hau babbar mota, suka sha tafiya, suka sauka. Birni ya yi birni. Gada a kan gada, benaye masu gilashi har wuya ya gaji da ɗagawa, hon ta ko'ina, kowa na sauri kamar an biyo shi. Suka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, gado biyu da fanka da taga mai kallon bangon maƙwabta. Auta na rataye riguna, Baba ya zaro wata 'yar gorar roba wadda ba komai a ciki ya ajiye a gefen matashi.

"Ta mece ce wannan, Baba?"

"Ta tsaraba. Mai rijiya ba ya yarda da ruwa sai ya ɗanɗana. Zan ɗebo wa abokan aikina su ma su ji." Ya yi murmushi. "Yau ne?"

"Yau mun gaji. Gobe, in sha Allahu."

Gobe ta yi, Auta ya sa shuɗiyar riga suka tafi wani katafaren kanti mai matakala da ke tafiya da kanta. Ya miƙa wa Baba waya ya nuna masa inda ake dannawa. Tsoho ya kawo wayar dab da hancinsa, ya ƙanƙance ido, ya danna.

"Kash! Baba, ka yanke min ƙafafu. Takalmin nan fa shi ne kwalliyar. Sake."

Baba ya sake. Ya sake sakewa.

Haka aka yi ta yi. Rigar ruwan ƙasa a gidan kayan tarihi, mai ruwan toka a gaban wani otal da ko ƙofarsa ba su shiga ba. Abokan Auta na gida sai yabo suke turowa, shi kuwa kansa sai ƙara girma yake. Kullum da safe Baba zai sa gorarsa a aljihu ya tambaya, "Yau ne?" Kullum amsar ɗaya ce. Ranar da suka hau wani dogon bene da ake biya a kalli gari daga samansa, Auta ya nuna da yatsa.

"Ga tekun naka can ma, Baba. Ka ga kusa ne."

Baba ya dafa ƙarfe ya zura ido har hawaye ya taru masa. "Hazo kawai nake gani," ya ce a hankali. "Sai an kai ni kusa."

Ranar ƙarshe ta zo. Guzuri ya ƙare a kuɗin mota da na shiga wurare, tikitin komawa na asubar washegari ne, ga ɗinkin mutane na jira a gida. Tun da sassafe Baba ya yi wanka ya shirya, ya zauna a bakin gado da gora a cinya. Auta ya ciro farar shadda daga ƙasan akwati, sai ya gan ta duk ta yamutse. Ya jona dutsen guga, ashe an ɗauke wuta.

Ya sauka wajen mai masauki. Mutumin ya ce injin ba da wuta sai da daddare ake tayarwa, sannan ya ƙara da cewa, "Ɗan'uwa, in bakin teku za ku, ku fita yanzu. In aka tashi daga aiki, gadar nan ba ta motsi. Mu 'yan gari mun san halinta."

"Yanzu za a kawo wutar," in ji Auta.

Hantsi ya wuce, azahar ta yi. Baba ya ce, "Auta, sa wata mana. Tekun ai bai san guga ba."

"Baba, duk na yi hoto da sauran. In na maimaita, dariya za a yi min, a ce tela guda ba shi da kaya. Ɗan ƙara haƙuri."

Tsoho ya ƙara haƙuri. Da ma haƙurin ne sana'arsa. Sai bayan la'asar fanka ta juya. Auta ya goge riga, ya goge wando, ya fitar da kari tsaf, ya tsaya gaban madubi, sannan suka tari tasi.

Suna hawa gada komai ya tsaya cak. Motoci gaba, motoci baya, iya ganinka. Masu talla na ratsawa tsakaninsu da kaya a ka, alamar sun san ba inda za a je. Direba ya kashe mota ya jingina.

"Malam direba, ba wata hanya?"

"Sai dai in fiffike gare ka."

A nan ne Auta ya lura da rana. Ta yi ja, ta sauko tsakanin benaye, kuma sauka take ba wasa. Ya waiwaya ya ga Baba ya manna fuska a gilashi yana ƙifta ido, yana murza su da bayan hannu. Sai a lokacin maganar Yaya ta dawo masa, kalma bayan kalma.

"Baba, sauko mu taka."

Suka sauka. Tsoho ba ya iya sauri, yana tuntuɓe, don duhun nasa ya riga na kowa zuwa. Auta ya durƙusa ya goya shi a baya, ya kama gudu-gudu a gefen titi. Wani babur ya watsa masa ruwan kwata a farar shaddar, ko kallonta bai yi ba. Gumi ya jiƙa karin gugar da ya ɓata yini yana jira. Yana gudu yana roƙon Allah a zuci a tsayar masa da rana ko na ɗan lokaci.

Ba ta tsaya ba. Da ƙafarsa ta taka yashi, magariba ta wuce, masu sayar da kaya na naɗe rumfunansu, sama da ruwa sun haɗe sun zama baƙi ɗaya.

"Rurin mene ne wannan?" in ji Baba.

"Shi ne, Baba. Tekun ne."

Ya sauke shi, ya riƙe hannunsa har inda ruwa ke zuwa ya koma. Sanyi ya taɓa ƙafar tsoho, ya ja da baya, sannan ya yi dariya ya sunkuya ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki.

"Gishiri kuwa! Ba su yi ƙarya ba." Ya cika gorarsa ya rufe. Ya miƙe ya juya fuska wajen rurin. "To ina faɗin nasa, Auta? Nuna min."

Auta ya kunna fitilar waya ya haska. Hasken ya faɗa a kan ruwa, ɗan da'ira, bai wuce faɗin faranti ba. Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallonsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Kamar na ƙasan rijiya."

Auta ya durƙushe a cikin ruwan da farar shaddarsa ya fashe da kuka. Ya ce Baba ya yafe masa, ya ce za su ƙara kwana ko da zai sayar da wayar. Baba ya lalubo kansa ya dafa.

"Tashi, kar ka ɓata rigarka. Ka yi wa mutane alkawarin ɗinki, mu je gida. Ma dawo."

Suka koma gida. Yaya ta dubi gorar, ta dubi fuskar ƙanenta, ta gane komai, ta juya ta ci gaba da aikinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Baba kuwa duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya ɗiga masa ruwan a tafin hannu ya ce, "Ɗanɗana ka ji. Autana ne ya kai ni, a bayansa ma ya goya ni." Mutane su yi ta sa wa Auta albarka, kowace albarka na sukarsa kamar allura.

Ya duba hotunan tafiyar kaf yana neman na Baba. Babu ko ɗaya, duk shi ne, riga bayan riga. Sai a guda ɗaya, a gilashin ƙofar otal ɗin nan, ya hango inuwar wani tsoho ya kawo waya dab da hanci, murfin gora na leƙowa daga aljihunsa.

Auta ya daina ɗinka wa kansa, ya duƙufa aiki ba ji ba gani don su koma. Amma ciwon ya fi shi sauri. Ranar da ya zo da murna ya ce, "Baba, shirya, na sayi tikiti, wannan karon daga tasha sai teku," tsoho ya juyo da fuska wajen muryarsa, idanun a buɗe amma ba sa kallon komai.

"Ka bar shi, Auta. Yanzu rana da dare duk ɗaya ne a wurina. Wancan zuwan ya isa. Allah ya yi maka albarka."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Auta bai ƙi ubansa ba, kawai ya sa son a yabe shi a gaba, ya tura buƙatar tsoho zuwa gobe, ya manta cewa ba kowa ke da goben ba. In Allah ya ba ka damar faranta wa iyayenka, ko wani wanda ƙarfinsa ke raguwa, ka fara da nasu, naka ya jira. Riga za ta gogu wata rana, birni yana nan inda yake, amma ido da lafiya da rai ba sa jiran kowa ya gama kwalliya.