Ƙofar Da Ta Riga Jiniya

Tun da an idar da la'asar, kuma na ga babu mai gaggawa a cikinku, ku gyara zama in ba ku wani labari. Amma da sharaɗi: in na kai ƙarshe, hukunci na wuyanku.

A wani gari da ake kira Gangaren Kirya akwai madatsar ruwa mai ƙofofi biyar. Ƙasa da ita akwai mashigi, inda mutanen tsallake suke ratsa rafi su shigo kasuwa. Ƙa'idar wurin tun da aka gina shi ita ce, kafin a saki ruwa sai an busa jiniya, a jira kowa ya fita daga rafi. Sannan a ɗaga ƙofar tsakiya, na kusa da ita su biyo baya, na bakin gaɓa su zo ƙarshe. In aka fara da ta gefe, ruwan zai karkata ya ci gaɓa, bayan gaɓar kuwa gidajen mutane ne.

Na'ura ce ke wannan aiki. A cikinta akwai babbar manhaja, a cikin manhajar kuma akwai abin da masu sana'ar ke kira zuciya. Ita ke raba aiki, ta ce wannan ya fara, wancan ya jira. Waɗanda suka daidaita zuciyar nan da bukatar madatsar mata ne uku, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan wani tela a garin, da suka yi karatun kwamfuta suka dawo gida. Babbarsu Shafa'atu, mai bi mata Barira, autarsu Yahanasu.

Shafa'atu mace ce mai wuyar yarda da abu. Tun ana haɗa aikin ta dage sai an kafa wata ƙaramar na'ura daban, mai gadi, da kunnenta a kan turke kusa da jiniya. In ƙofa ta motsa alhali kunnen bai ji jiniya ba, mai gadin zai sauke ta, ya kulle ƙofofin duka, ba za su sake motsi ba sai an gano dalili. Shugaban aikin ya ce ɓata lokaci ne, ai in babbar na'ura ta ce an busa, to an busa. Shafa'atu ta ce, "Yallaɓai, faɗa ta yi. Ni so nake a ji." Aka sha gardama, har aka gaji aka bar ta ta yi.

Shekaru suka wuce mai gadin nan bai taɓa yin aiki ba, har wasu sun manta da shi. Ana nan na'urar farko ta tsufa, aka kawo sabuwa mai sauri, mai ƙwaƙwalwa biyu maimakon ɗaya. Aka juye mata manhajar, aka gwada, komai ya tafi daidai.

Sai wata ranar kasuwa a tsakiyar damina. An kwana biyu ana tafka ruwa a kan tudu, madatsa ta cika ta batse. Da hantsi mashigi ya cika da masu kai kaya, cikinsu har da Suwaiba matar wani manomin albasa mai suna Hudu. Watan haihuwarta ya kama, za ta asibiti awo, tana takawa a hankali da takalmanta a hannu. Ba wanda ya ji jiniya. Sai dai suka ga jan ruwa ya taho, ya rufe idon sawu, ya hau ƙwauri, ya kai gwiwa. Suwaiba ta kasa gaba ta kasa baya. Nan mai gadin Shafa'atu ya sauke ƙofar tun ba ta ɗaga fiye da tafin hannu ba. Ruwan ya tsaya a gwiwa, ya fara ja. Aka kamo Suwaiba aka fito da ita. Abin da rafi ya tafi da shi ran nan ƙore ne da takalma da buhun gishiri ɗaya.

Wannan shi ne aikin Shafa'atu.

Amma fa ƙofofi sun kulle, ruwa kuma bai daina shigowa ba. In ya haura kan madatsa zai yanke ta, garin ne gaba ɗaya zai tafi. Malam Tukur, mai kula da wurin, ya sa majiya ƙarfi su murɗa ƙofar tsakiya da hannu, amma nauyin ruwa ya danne ta, abin da suke ɗagawa bai kai abin da ke shigowa ba. Ya aika aka kira matan uku. Ya ce wa Shafa'atu an kori kowa daga rafi, an sa masu tsaro, ta cire makullin kawai. Ta ce, "Baba, na'urar da ta tsallake jiniya za ta iya tsallake ƙofar tsakiya ta fara da ta gaɓa. Sai mun san abin da ya same ta." Bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale ta.

Barira ba ta cika magana ba. Ta ja kujera ta buɗe rubutun manhajar, ta bi shi layi bayan layi. Komai a jere yake yadda suka rubuta. Ƙwaƙwalwa ta farko tana rubuta umarni a wurin da su biyun ke iya gani: a busa jiniya, a jira, a buɗe ta tsakiya. In ta gama sai ta ɗaga alama cewa umarni ya kammala. Ta biyu in ta ga alama sai ta karanta ta aiwatar. Barira ta karanta ta sake karantawa, ba ta ga kuskure ba. A waje ana ta shelar mutanen bakin gaɓa su kwashe kaya su hau tudu.

Can sai ta daina tambayar abin da suka rubuta ba daidai ba, ta koma tambayar abin da ya canza. Na'urar ce ta canza. Irin waɗannan na'urori masu sauri, in aka ba su ayyuka biyu da suke ganin babu ruwan ɗaya da ɗaya, sukan yi wanda ya fi musu sauƙi tukuna. Lokacin da ƙwaƙwalwa ɗaya ce ba a taɓa ganin illar haka ba, domin ita ke rubutawa ita ke karantawa, ta san abin da ta jinkirta. Yanzu kuwa akwai ta biyu da ke kallo daga gefe. Alamar ta iso gabanta kafin umarnin ya gama sauka, sai ta karanta rabi sabo rabi tsoho, tsohon kuma na sakin ruwan da ya gabata ne, wanda ke cewa an riga an busa jiniya. Barira ta ce wa Shafa'atu, "Yaya, mu mun jera su a rubuce, amma ba mu taɓa gaya wa na'urar cewa jerin dole ne ba." Ta ƙara layi ɗaya tsakanin umarni da alama. Masu sana'ar suna kiransa shinge: duk abin da ke gabansa sai ya kammala kafin na bayansa ya wuce.

Wannan shi ne aikin Barira.

Kowa a ɗakin ya sauke ajiyar zuciya, Malam Tukur ya ce a sa gyaran nan take. Sai Yahanasu ta ce a dakata. Ita ce mai gwaji a cikinsu, tana da na'ura irin ta madatsar sak, wadda ta haɗa da ƙwayayen fitila maimakon ƙofofi da jiniya. Barira ta ji haushi, ta ce ta tabbata da abin da ta gano. Yahanasu ta ce, "Na yarda da ke, Yaya. Amma ban ga cutar da idona ba, to yaya zan san ta warke?"

Ta fara da tsohuwar manhaja. Ta lura cewa ran nan ma'aunan ruwa suna ta turo wa na'urar saƙo ba ƙaƙƙautawa saboda ambaliya, don haka ita ma ta cika tata da saƙonni, ta sa ta maimaita miƙa umarnin sau miliyoyi. Ba a jima ba fitilar ƙofa ta riga ta jiniya kamawa. Sannan ta sa gyaran Barira ta sake. Aka zuba ido, fitilu suna bin juna daidai. Malam Tukur yana leƙa taga yana dawowa, ruwa ya kusa jan layin da ke jikin bangon madatsa, mai nuna iyakar haɗari. Har Shafa'atu ta miƙe za ta cire makulli, sai fitilar ƙofar gaɓa ta kama ita kaɗai, kafin kowace. Ta koma ta zauna.

Yahanasu ta dubi abin da ya faru, ta ce mai rubutu ta gyaru, saura mai karatu. Ita ma ƙwaƙwalwa ta biyu tana da nata gaggawar, takan leƙa umarnin ta riƙe tun kafin ta duba alama. Shinge ɗaya bai isa ba, sai an kafa wa kowane ɓangare nasa. Barira ta duba ta ce haka ne. Aka ƙara na biyu, Yahanasu ta sake sakin gwajin, ta matsa wa na'urar fiye da na farko, ta bar ta har sai da ruwa ya taɓa jan layi. Fitila ko ɗaya ba ta riga 'yar'uwarta ba.

Wannan shi ne aikin Yahanasu.

Aka juye gyaran, Shafa'atu ta cire makulli. Jiniya ta busa, duk garin ya ji, kuma waɗanda suka saba tsakin ƙararta ran nan hamdala suka yi. Na'ura ta jira yadda aka tsara mata ko da yake babu kowa a rafi. Ƙofar tsakiya ta ɗaga, na kusa da ita suka bi, na gaɓa suka zo ƙarshe, ruwa ya miƙe ta tsakiyar rafi. Malam Tukur ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Kafin la'asar jan layi ya fito fili. Waɗanda suka hau tudu suka sauko da katifu da awaki, masu waina suka mayar da tanda kan wuta, kasuwa ta ci gaba da ci. Matan uku suka tuna ba su karya ba tun safe, aka kawo musu fura suka sha a kwano ɗaya.

Bayan kwana biyu Suwaiba ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Hudu ya zo gidan tela ya ce ya yi alkawari tsakaninsa da Allah zai sa wa jaririyar sunan wadda ta ceci iyalinsa, a gaya masa wace ce. Matan suka yi dariya, kowace ta nuna 'yar'uwarta. Sai maganar ta fita gari.

Wasu suka ce Shafa'atu, domin ba don mai gadinta ba da uwa da ɗiya sun tafi tun da hantsi, kuma ita ta hana a buɗe ƙofofi da ka. Wasu suka ce mai gadin nan tsayar da ƙofa kawai ya iya, da ba a gano cutar ba da shi ne zai riƙe ƙofofin har madatsa ta yanke, gidan Hudu kuwa yana bakin gaɓa. Saboda haka Barira ce, wadda ta ga abin da ba ya cikin rubutu. Wasu kuma suka ce gyaran Barira rabi ne, da an sa shi yadda yake da wataƙila ƙofar gaɓa ce za ta fara buɗewa. Yahanasu ce ta tsaya ita kaɗai, tana ƙarama, ta ce a dakata lokacin da kowa ke cewa a yi. Sai na farko suka amsa cewa Yahanasu ba za ta sami abin gwadawa ba sai da Barira ta nuna wurin, Barira kuma ba za ta sami lokacin karatu ba sai da Shafa'atu ta samar mata.

Ranar suna ta matso, an sayi rago, an raba goro, liman yana jira a raɗa masa suna. Jaririya ɗaya ce, suna ɗaya za ta ɗauka.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, sunan wace ce a cikin ukun nan ya kamata Hudu ya sa wa 'yarsa?