Furar Waziri Jatau da Shari'ar Ganyen Wiwi

Masu adana labarun mutanen dā sun ruwaito cewa a Birnin Gulbi, wani gari da ke bakin babban kogi, an yi wani sarki ana ce masa Dambo. Yana da waziri mai suna Jatau, mutumin da Allah ya ɗora wa son bin diddigi. In ya ji abin da bai sani ba, abinci ba ya masa daɗi sai ya gano kansa.

Aka ce wata shekara wani madugu mai suna Nagoma ya komo daga ƙasashen gabas da raƙuma ashirin, kayansu duk busasshen ganyen wiwi. Ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a inda na fito ana zuba ganyen nan a alewa da madara da kunu, ana sayarwa a fili. Ina roƙo a halatta haka a kasuwarmu."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko an zuƙi hayaƙinsa ko an dama shi. A ƙona kayan, a kori mai su."

Sarkin Kasuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba wanda za a ɗura wa. Wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ya wuce. Fatake kuma za su cika mana gari."

Fada ta rabu biyu, aka yi ta musu har azahar. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "Waziri, na ba ka kwana uku. Ka zo mini da amsa: ganyen nan magani ne ko guba? Abin da ka faɗa shi za a yi wa kayan da mai kayan."

Waziri bai taɓa ko ganin ganyen ba. Da safe ya tafi zango, ya sa aka kwance masa buhu, ya murza ganyen a tafin hannu, ya shinshina, ya tambayi madugu yadda ake shuka shi da yadda ake dafa shi. Daga ƙarshe ya ce, "Madugu, ga gishiri, ga dabino, ga kanwa. Me ya sa ka zaɓi kayan da za su iya raba ka da garinku?"

Madugu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, da mahaifina na yi tafiyar nan. A can wani ƙari ya fito masa a ciki. Kwana arba'in ba ya barci, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Ni da ya goya a kan raƙumi, ni nake jin ihunsa ba abin da zan iya. Sai wani tsoho mai magani ya auna ganyen nan da bakin cokali, ya dafa a madara ya ba shi. Ran nan mahaifina ya ci tuwo, ya tambaye ni labarin gida, har ya yi dariya. Bai warke ba. Amma sai da ya ƙara wata biyu cikin sauƙi, ya yi mini wasiyya a nitse. A bakin kabarinsa na yi alkawarin zan kawo wa mutanenmu."

Waziri ya fito zuciyarsa ta karkata wajen madugu. Amma ya ce a ransa, tun da maganar abinci ake yi, ya kamata a ji bakin masu dafawa. Washegari ya shiga kasuwa wurin wata dattijuwa, Tabawa, wadda ke shugabantar masu fura. Ya gaya mata abin da ya kawo shi.

Tabawa ta ajiye ludayi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na san ganyen nan tun kafin madugu ya san hanyar gabas. Maigidana Mantau ɗan fito ne, shekara talatin yana haye da mutane a kogin nan, ko akuya bai taɓa zubarwa ba. Wata rana ya kai 'yan suna tsallake, wata ƙasa. A gidan sunan aka ba shi kunun zaƙi, ashe samarin gidan sun zuba masa ganyen don su yi dariya. Ya sha bai ji komai ba. Ya yi sallama, ya ɗauki mutanensa, sai da jirgi ya kai tsakiyar ruwa abin ya tashi. Ya ce gani ya yi gaɓa ta matso kusa, ya miƙe zai taka, jirgi ya kife. Mutum biyar suka tafi, har da ƙanwata. Shi an tsamo shi da rai, amma bai sake taɓa jirgi ba. Har ya bar duniya yana cewa, 'Tabawa, wallahi kunu na sha.'"

Waziri ya yi wa mamatan addu'a. Sannan ya tambaye ta, "Iya, in an zuba shi a fura, ana ganewa?"

Ta ce, "In citta da kanumfari da barkono sun ji, ko ni sai na yi da gaske."

Ya ce, "To, gobe ki dama mini ƙwarya biyu."

Ran na uku fada ta cika. Waziri ya sa aka ajiye ƙwarya biyu a gaban Sarki, fura ta sha nono tana ƙamshi. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kafin in ba da amsa, ina so a gaya mini wace ƙwarya ce ke da ganyen. Sarkin Kasuwa, bismilla, zaɓi ɗaya ka sha."

Sarkin Kasuwa ya leƙa wannan, ya shinshina waccan, ya ce shi yau cikinsa ba daidai yake ba. Alƙali ya ce azumi yake yi. Aka zaga da ƙoren kan fadawa, ga rana ta take, ga ƙishirwa, ba wanda ya miƙa hannu. Madugu kansa ya ɗauki ludayi, ya juya, ya mayar ya ajiye.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ganye a ko ɗaya. Zato kawai na zuba, ga shi ya hana fada guda shan fura. In aka halatta shi a abincin kasuwa, haka kowace ƙwarya a garin nan za ta koma." Sai ya ba da labarin mahaifin madugu da na Mantau, bai rage komai ba. Ya ce, "A bakin majinyacin da aka auna masa, aka kuma gaya masa, magani ne. A bakin wanda bai san ya ci ba, guba ne. Shawarata, kada ya shiga tukunyar sayarwa ko ta biki. A ajiye shi hannun masu magani, su ba wanda ciwo ya kai maƙura, da saninsa."

Sarki ya dubi Alƙali. Alƙali ya ce, "Larura tana da hukuncinta. Amma ni zan zaɓi masu maganin, kuma wanda ya fitar da shi waje zai gamu da ni."

Sarki ya zartar da haka. Ya sa aka ajiye wa masu magani kayan raƙumi ɗaya, aka ƙone sauran a bayan ganuwa. Madugu ya tsaya yana kallon hayaƙin har ya lafa, ba a kore shi ba. Da ya dawo ya wuce rumfar Tabawa ya durƙusa ya yi mata ta'aziyyar mutanen jirgin Mantau da suka shekara goma sha biyu a ƙasa.

Sarki ya yi wa Waziri kyautar alkyabba, ya naɗa Tabawa mai duba duk abin da ake dafawa a kasuwa. Masu ruwaya suka ce darasin a fili yake: mai mulki ya ji labarin wanda abu ya amfana da na wanda ya cutar kafin ya yanke hukunci, kuma abin da mutum zai kai bakinsa amana ne a wuyan wanda ya dafa. Allah shi ne mafi sanin yadda aka yi.