Jif ɗin Alhaji Abdulmannan da ƙafar Iya Barira

Akwai wani dillalin riɗi da shinkafa a Haɗeja mai suna Abdulmannan. Shekara biyu kasuwa ta yi masa kyau a jere, ya je Makka ya dawo, sai ya ga babu abin da ya rage masa a duniya illa jif.

Ya sayo wata ƙatuwa, baƙa wuluk, 'yar Kwatano. Kujerun fata, sanyi kamar cikin randa. Mota ce mai kyau, ba zan ci amanarta ba. Amma ta sha tafiya kafin ta zo hannunsa: mitarta na nuna kilomita dubu ɗari biyu da tamanin.

Wannan lamba ta hana Alhaji sukuni. Kafin ya shigo da motar gari sai da ya tsaya a Kano, ya sa wani mai kwamfuta ya mayar da mitar dubu tamanin. Ɗari biyun aka share, kamar motar ba ta taɓa taka su ba.

Daga ranar, duk wanda ya shiga motar sai an nuna masa mita. "Duba nan," in ji Alhaji. "Ko gumi ba ta fara ba."

Sau biyu ake wanke ta a rana. Turarenta daban, tsummanta daban. Ya canja mata ƙafafu masu walƙiya, ya sa gilashi mai duhu, sannan yake sauke gilashin a kasuwa don kar duhun ya hana a gan shi. Irin mutanen nan ne, kun san su, kowane gari akwai nasa.

Akwai kuma wani tsohon bakanike, Baba Kolo. Iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suka zo, shi kuma a gareji ya yi furfura. Aminin marigayi mahaifin Abdulmannan ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura wadda fentinta ya gudu tuntuni, amma murzawa ɗaya take tashi.

Wata rana Alhaji ya kai jif garejin a juye mata baƙin mai. Gaskiyar magana, ya je ne a gani.

Baba Kolo ya zagaya motar. Ya shafa sitiyari, ya leƙa ya ga yadda robar birki ta siɗe, ya buɗe bonet ya kasa kunne. Ya kwance wani murfi ya haska ciki. Sannan ya jawo Alhaji gefe, don kar ya kunyata shi a gaban mutane.

"Alhaji, motar nan ta fi abin da mitarta ke faɗa. Ba laifi ba ne, irinsu suna kai dubu ɗari biyar idan an kula da su. Amma bel ɗin taimin ya fara tsagewa. Shi ke haɗa motsin injin gaba ɗaya, ranar da ya tsinke mota ta mutu a inda take. A canja shi da famfon ruwa, a juye man giya. Kuma tunda kana shiga fadama, duk lokacin da ka ratsa ruwa ka kawo in duba man giyar ƙasan motar."

Mutum ya ja ka gefe don ya rufa maka asiri, kai kuma ka mayar da maganar tsakiyar gareji. Haka Alhaji ya yi.

"Ku zo ku ji," ya ce da ƙarfi. "Wai motata ta tsufa." Ya zaro littafin motar yana kaɗawa. "Waɗanda suka ƙera ta sun ce sai ta yi dubu ɗari da hamsin ake taɓa bel. Ga mita nan, dubu tamanin da ɗaya. Kolo, kai da ka saba da injin ban-ruwa da motar kwasar shanu, ina ka san wannan?"

Kolo fa ya ce, babu ko Baba. Mutumin da ya halarci raɗin sunansa.

Baba Kolo ya goge hannu da tsumma. "Littafin bai yi ƙarya ba, Alhaji. Allah ya tsare hanya."

Abin haushin shi ne, Alhaji ya fi kowa sanin gaskiya, shi ya biya aka share lambar. Amma idan ya yarda a canja bel a Haɗeja, kafin la'asar labari ya kai kasuwar kifi cewa jif ɗin tsohuwa ce. Ya ce a ransa zai yi a Kano a ɓoye. Ya je Kano ya fi sau ashirin. Kullum sai ya dawo da sabon abin ado, bel yana nan yadda yake.

A hankali ma ya fara yarda da ƙaryar tasa. Ya kalli mita, ya kalli littafi, ya ce ai da saura. Wata fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari, ya manna mata sitika mai addu'ar tafiya.

Haka aka yi shekara biyu.

Mahaifiyarsa, Iya Barira, tana zaune a wani ƙauye a bayan Guri tare da ƙanwarsa Suwaiba. Iya tana da ciwon suga, kuma wani gyambo ya kama ta a ƙafar hagu. Wata huɗu Suwaiba tana wanke shi tana naɗewa, har ya fara haɗewa. Likita ya ja musu kunne da magana ɗaya: kar ruwa mai datti ya taɓa ƙafar nan, ko ɗigo.

Sai damina ta yi nauyi, kogi ya cika ya fara hawa gonaki. Wata Talata da sassafe Suwaiba ta kira yayanta.

"Yaya, ruwa ya cinye shinkafar bayan gari, ya kusa masallaci. Baba Kolo ya zo da motarsa yana fitar da mutane. Ya ce ya ajiye wa Iya gidan gaba, yanzu ruwan kan hanya bai wuce idon sawu ba."

"Uwata a motar shanu?" in ji Alhaji. "Ina raye? Mutanen gari su ce me? Kar ki kuskura. Ga ni nan zuwa da jif."

Baba Kolo ya karɓi wayar. "Alhaji, ruwan nan ba ya jiran kowa. Bari in fito da ita, ka tarbe mu a kan kwalta ka sa ta a taka."

"Ba wa Suwaiba wayarta."

Baba Kolo ya shiga ɗaki ya durƙusa ya roƙi Iya da kanta. Tsohuwa ta yi murmushi. "Malam Kolo, na gode. Alhaji ya ce yana tafe, kuma ya ce tasa ruwa ba ya shiga. Kar in watsa masa ƙasa a ido." Ita ta yarda da ɗanta, kamar kowace uwa.

A-kori-kura ta tafi da mutum goma sha huɗu da awaki, ta tsallake lafiya.

Alhaji kuwa bai bar Haɗeja ba sai wajen sha ɗaya. Kun san me ya tsayar da shi? Wanki. Ba zai shiga ƙauyensu da mota mai ƙura ba. Motar da za ta ratsa taɓo.

Ya isa bayan azahar. Aka ɗauko Iya aka kwantar a kujerar baya, Suwaiba ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ya kunna sanyi, ya juya.

Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai wani kwari da hanya ke bi, doguwar ciyawar kachala ta rufe shi hagu da dama. Da safe ruwan wurin idon sawu ne. Yanzu ya kai gwiwa, kuma yana tafiya. Alhaji ya danna mota ciki yana cewa, "Iya, yau za ki ga aikin kuɗi."

Suna tsakiyar kwarin aka ji wani ɗan ƙara, tas, daga gaba. Injin ya yi shiru. Sanyi ya ɗauke. Babu abin da ake ji sai ruwa yana dukan ƙofa.

Ya murza makulli. Ya sake murzawa. Ya kira abokansa na kasuwa, waɗanda yake nuna wa mita. Ɗaya yana Kano, ɗaya ya ce motarsa ƙarama ce, ɗaya bai ɗauka ba. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan ƙofa.

Suwaiba ce ta kira Baba Kolo, ta buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Abdu," in ji tsohon. Yau babu Alhaji. "Ruwa ta sha ko da kanta ta mutu?"

"Da kanta. Wani abu ya yi ƙara."

"To gaya mini gaskiya, don in san ko in zo da kayan aiki ko in nemi jirgi. Kilomita nawa motar nan ta yi?"

Alhaji ya kalli mita. Dubu casa'in da bakwai. Ya kalli ruwan da ya rufe masa takalmi.

"Ta kusa dubu ɗari uku," ya ce a hankali.

"An taɓa canja bel ɗin da na ce?"

"A'a, Baba."

"To cire hannunka daga makulli, ba za ta tashi ba. Ku ɗaga ƙafar Iya sama. Ina zuwa."

Iya Barira ba ta san kilomita ba, ba ta san bel ba. Amma ta haifi yaron nan, ta san muryarsa idan an kama shi.

"Alhaji," ta ce, "wato ka san motar ba ta da lafiya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, ka hana ni shiga ta Malam Kolo?"

Ya ƙura wa sitiyari ido. Ita kuma ta kawar da kanta gefe.

Sai da Baba Kolo ya yi kusan awa biyu kafin ya samo masunta da kwale-kwale, don kowane jirgi a ranar yana kwasar mutane. A cikin awa biyun nan ruwa ya hau kujera. Suwaiba ta ɗora ƙafar Iya a kafaɗarta, tana kuka tana riƙewa, har hannuwanta suka mutu. Alhaji ya gwada goya tsohuwar ya hau da ita saman mota, santsi ya kwashe shi, suka koma ciki tare. Bandejin ya jiƙe sharkaf da ruwan da ya wanko masai da garken shanu na ƙauyuka.

Da jirgi ya iso, Baba Kolo, mai shekara saba'in, shi ya shiga ruwa har ƙirji ya tallafo ta. Bai kalli Alhaji ba, bai ce ai na faɗa maka ba. Ni da a ce ni ne, wallahi sai na faɗa.

Kwana shida gyambon yana ruruwa a asibiti. A rana ta bakwai likitoci suka ce idan ana son ranta, sai dai a haƙura da ƙafar. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Wata huɗu na wahalar Suwaiba, da ƙafar da Iya ta yi shekara saba'in da biyar tana takawa zuwa gona da gidan biki, suka tafi a kan bel ɗin da ake canjawa a yini ɗaya.

Jif kuwa sai da ruwa ya janye aka jawo ta da tarakta. Injin ya haɗe, kujerun fata sun yi funfuna. Labarin mitar da ya ɓoye shekara biyu, kafin magaribar ranar farko ya gama zaga gari, don masuntan sun ji Suwaiba tana yi masa gori a kai a cikin jirgi.

Ranar da za a sallami Iya, Alhaji ya aro wata mota mai sanyi a wurin abokinsa. Ya shigo ɗakin da makulli a hannu, ya durƙusa a gaban gadon.

"Iya, ki yafe mini. Ga mota a waje."

Ta dube shi. "Na yafe maka, Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Suwaiba, kira mini Malam Kolo. Ki ce idan gidan gaban nan yana nan, ina so."

A a-kori-kura ta koma, takalminta ɗaya a ƙafa, ɗayan a cikin leda a hannun Suwaiba. Alhaji ya bi su a baya a motar aro, shi kaɗai da sanyinsa.

Darasi: Mota ba ta san girman kai ba, abin da ta taka kawai ta sani. Idan taka ta yi nisa, ka faɗa wa bakanike gaskiyar lambarta, ka canja abin da ya ce tun tana tafiya, kuma kar ka raina mai gaya maka gaskiya don rigarsa da baƙin mai. Gyaran da ka ƙi yi don kar a ce motarka ta tsufa, wataƙila ba kai za ka ɗanɗana kuɗarsa ba, wanda ya yarda da kai ya shiga bayan motar ne. Ku tura wa duk wani mai wanke mota sau biyu a rana wanda bai san ranar da aka buɗe bonet ɗinta ba.