Tsakuwar Barau da Rawanin Sarkin Fawa

A zamanin da, a wata masarauta da sunanta ya kuɓuce mini, Sarkin Fawa ya rasu, sarki ya umarci dattawan mahauta goma su zaɓi magajinsa. Biyar suka tsaya kan Barau, biyar kan ɗan kawunsa Mijinyawa. Kwana bakwai ana zama, ba wanda ya sauya, kasuwa kuwa ba yanka.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a yi musu ƙuri'a."

Barau da Mijinyawa duka suka amince. Kowa ya ba da tsakuwarsa, aka kira wani matafiyi ya ɗora ɗaya a kan rawani. Ta Mijinyawa ce.

Barau ya koma gida zuciyarsa na ƙuna. Shi ya koya wa Mijinyawa riƙon wuƙa, yau ga shi zai riƙa faɗuwa yana gaishe shi! Maroƙa na wasa sabon Sarkin Fawa, kowace kalma kamar ana zuba masa barkono a ido. Sai ya kai ƙara fada.

"Ranka ya daɗe, wannan caca ce. Sarauta ba ta tabbata da tsakuwa."

Malamai suka ce idan haƙƙi ya zo daidai, kuma an yarda tun farko, ƙuri'a ta halatta. Barau ya kafe.

Waziri ya yi murmushi. "Barau, na ji kai ke raba naman watanda in jama'a sun haɗa kuɗi sun yanka sa. Yaya kake yi?"

"Nakan kasa daidai, ranka ya daɗe, kowa ya kawo tsinkensa, mai wucewa ya ɗora."

"In wani ya ga kason maƙwabcinsa ya fi kitse fa?"

"Nakan ce masa ya ɗauki abin da Allah ya ba shi, ya daina leƙen na wani."

Barau ya ji maganarsa da kunnensa, ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Hukuncinka mun karɓa. Kai ne babban wansa, kai za ka naɗa masa."

Barau ya naɗa rawanin da hannunsa, ya ɗan matse fiye da kima. Mijinyawa ya ce a hankali, "Yaya, sassauta, kan naka ne."

Ya sassauta. Washegari aka yi yanka a kasuwa.