Matakalar Iya Hadijatu

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Daura, ya 'yan uwa, kuma yana nan da ransa. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa ma shekara arba'in ta yi ba ta faɗe shi ba, don haka ni ma zan iya daurewa na rabin awa. Shi da kansa ya ba ni izinin ba da labarin. Ya ce, "Malam, ka faɗa musu, amma ka rage." To, zan rage kaɗan.

Ɗan fari ne. Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa abu baki da baki. Mahaifiyarsa, Iya Hadijatu, ta riƙe wannan kunya da hannu bibbiyu. Da aka yaye shi, yayarta Rabi ce ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu can bayan Zango, ta raine shi har ya yi wayo. Bayan ya dawo gida, duk abin da Iya take so a wurinsa sai ta juya ta ce wa ƙanwarsa Rauda, "Ki gaya wa yayanki." Ko yana tsaye a gabanta haka za ta ce.

Mahaifinsa direba ne. Da ya rasu ya bar masa tsohuwar akori-kura mai ja da tayoyi huɗu. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma injin nan lafiya lau. Da ita yake ɗaukar gero da gyaɗa da tumaki zuwa kasuwanni, da ita yake ciyar da gidan.

Akwai abu ɗaya a jikin motar da nake so ku riƙe. A ƙarƙashin ƙofar gaba, gefen fasinja, marigayi ya sa an yi waldar wata matakala ta ƙarfe, saboda Iya tana da ciwon gwiwa. Ba ta da kyan gani, rodi ne da guntun ƙarfe mai faɗi. Amma duk wata Iya takan taka ta, ta shiga gaba, a kai ta wurin yayarta su wuni. Da ɗan ya gaji motar bai yanke wannan ziyara ba. Yana tuƙi, Rauda tana tsakiya, Iya tana kallon taga, har su je su dawo ba ta ce masa uffan ba. Ya ce mini waɗannan ranaku ne mafi daɗi a rayuwarsa.

To, tsakanin Zango da ƙauyen akwai wani kwari mai yashi. Da rani kowa yana wucewa. Da damina in ya cika, babur ba ya shiga, ƙaramar mota ba ta kusanta. Wata shekara akori-kurar ta maƙale a ciki da Iya a gaba, sai da shanun huɗa suka jawo su. Abin ya dame shi. Ya tafi wurin Audi, bakanike mai walda, ya ce a ɗaga masa motar.

Audi ya ƙara mata sifirin, ya sa tayoyi masu ɗan girma, ta tashi kamar taƙi guda. Ya kuma sauke matakalar ƙasa kaɗan don ƙafar Iya ta kai. Wannan daminar motar ta ratsa kwarin kamar babu shi. Ta kai Iya, ta ɗauko masu naƙuda, ta ɗauko wani dattijo da maciji ya sara. Ni kaina na hau ta zuwa ɗaurin aure, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya.

Ya 'yan uwa, akwai laifi a nan? Babu. Niyya mai kyau ce, aiki mai kyau. Da a nan ya tsaya, da yau wa'azin ladan zumunci nake muku.

Sai wata rana wasu samari suka ɗauke shi a waya yana ratsa ruwan, ruwa yana tashi dama da hagu. Kafin mako hoton ya zagaye wayoyin Daura. Suka sa masa suna Sarkin Kwari. In ya zo majalisa sai ya ciro waya, ya kalli kansa, ya miƙa wa na kusa, a dawo masa da ita ya sake kallo. Ku masu babura da kuke dariya a sahun baya, na ga abin da kuke yi wa salansar baburanku, ku bari mu gama da shi tukuna.

Ya koma wurin Audi ya ce a ƙara. Aka cusa tubalan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, aka sauya tayoyi da wasu masu kaiwa ƙugun mutum. Ya jera fitilu shida a kan rufin, shi da ba ya tuƙi bayan magariba. Motar ta yi tsawon da tumaki ma sai mutum biyu sun cicciɓe su, manoma suka fara neman wata. Bai damu ba. Duk ranar da babu kasuwa yana bakin kwari ko gangaren da ake haƙar marmara, yana hawa yana sauka, ana tafi.

Audi ya ce masa, "Yallaɓai, ta isa haka. Nauyinta duk ya koma sama. Ranar da ka hau gangare a karkace, kwanciya za ta yi."

Ya yi dariya ya ce Audi ya tsufa.

Sai matakala ta fara damunsa. In ya hau tudu tana kartar ƙasa, samari kuma suna tsokanarsa wai ta ɓata wa motar kwalliya. Ya ce wa Audi ya yanke ta. Audi ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya dube shi, ya ce, "Iya fa?"

Ya ce, "Ai Iya ba ta ce komai ba."

Jama'a, ku saurari wannan magana da kyau, don a nan ya faɗi, tun kafin motar ta faɗi. Iya ba ta ce komai ba! To yaushe ta taɓa cewa? Matar da ko ruwa ba ta taɓa roƙonsa da bakinta ba, ita ce za ta tsaya ta ce masa kada ya taɓa matakalarta? Ya san al'adar sarai, a cikinta ya girma. Amma ranar da shirun ya yi masa daɗi, sai ya mai da shi yarda.

Audi ya yanke ta ya jefa cikin tarkace. Washegari ya duba bai gan ta ba, ya ɗauka 'yan gwangwan ne suka tsince.

Daga nan ziyara ta tsaya. Wata ya yi, Rauda ta ce Iya ta ce gwiwarta ta tashi. Wani watan ma haka. Shi kuma ya yarda, saboda yardar ta fi masa sauƙi. Wata huɗu Iya ba ta ga yayarta ba.

A tsakiyar damina aka bugo waya daga ƙauye. Rabi tana kwance, jiki ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai ƙanwarta. Kwarin ya cika maƙil. A duk yankin, mota ɗaya ce za ta iya ratsa shi.

Zan faɗi gaskiyarsa, yana jin saƙon ya taho da gudu, don Inna Rabi ce ta goya shi. Ya tarar da Iya a bakin zaure ta yafa mayafi, ta riƙe ƙunshin zuma da daddawa. Ya buɗe ƙofar mota. Kujerar tana daidai da ƙirjinta.

Rauda ta gangaro turmi ta kife. Iya ta ɗora ƙafa, ta kama ƙofa, ta yunƙura, gwiwar ta lanƙwashe. Da Rauda ba ta tare ta ba da ta kai ƙasa. Samarin da suke bin motar duk inda ta je sun riga sun taru, wayoyi a sama, har wani ya yi dariya. Ɗan ya miƙa hannu zai ɗauke ta cak. Iya ta ja da baya. Ɗan fari, a kan titi, a gaban mutane? Ta gyara mayafinta ta ce, "Rauda, ki ce masa ya bari." Ta juya ta shiga gida a hankali.

Ya bi ta har tsakar gida yana cewa gobe da sassafe zai kai motar a yi wata matakalar, aikin awa ɗaya ne, kafin hantsi sun kama hanya. La'asar ce aka yi lokacin, ya 'yan uwa. Garejin Audi a buɗe yake har magariba. Me ya hana shi tafiya a take? Na tambaye shi. Ya ce shi ma ya sha tambayar kansa.

Da safe ya fito da niyyar zuwa wurin Audi, wannan gaskiya ne. Yana kan hanya waya ta yi ƙara. Wai wani ya zo daga Kano da motarsa, ya haye gangaren marmara ta gefen da ba a taɓa hawa ba, yana cewa Daura babu direba. Gareji yana dama, gangaren yana hagu. Ya ce a ransa minti goma ne. Ya karya sitiyari hagu.

Ƙasa ta jiƙe da ruwan da aka kwana biyu ana yi. Ya hau rabi, tayar baya ta zame, motar ta juya a karkace, daidai yadda Audi ya faɗa. Tayoyin sama suka bar ƙasa. Ta wuntsila sau biyu, ta tsaya a ƙasan ramin da shi a ciki. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Sai da wasu suka gama ɗaukar hoto kafin suka tuna da mutumin.

Iya kuwa tun bayan asuba tana zaune a zaure, takalmi a ƙafa, ƙunshi a cinya. Duk ƙarar motar da ta ji sai ta ɗaga kai. Da hantsi aka zo aka ce ɗanta yana asibiti. Tana ƙoƙarin miƙewa wayar Rauda ta yi ƙara daga ƙauye. Rabi ta cika.

Ku auna wannan a zuciyarku. Labari biyu a zama ɗaya, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta yi salati, ta yi wa yayarta addu'a, ta ajiye ƙunshin, ta ce a tsayar mata da keke napep. Shi ba ya buƙatar turmi.

Ta same shi a kan gado ba ya gane kowa. Ta dafa goshinsa, ta sunkuya, ta kira sunansa. Sau uku ta kira, a gaban likita, a gaban Rauda. Ya ce mini daga nesa ya ji, kuma bai gane muryar ba da farko, saboda bai taɓa jin sunansa a cikinta ba. Da ya buɗe ido ya ce, "Iya, Inna Rabi fa?" Ba ta amsa ba. Wannan karon ya fahimci shirun.

Motar 'yan gwangwan ne suka yanyanka ta. Sana'a ta tafi, likita ya ce shi da tuƙi har abada. Hoton faɗuwarsa ya fi duk na baya yawo a waya. Masu kiransa Sarkin Kwari ba wanda ya leƙo asibiti. Audi ne yake zuwa duk Juma'a da lemo a leda, kuma bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Bayan wata biyu aka sallamo shi da sanduna. Ɗakinsa yana da dokin ƙofa mai tsawo, irin wanda muke ɗagawa don kada ruwan sama ya shiga. Tun a hanya yake tunanin yadda zai ɗaga ƙafa ya haye. Da ya iso sai ya ga ƙarfe a gindin ƙofar. Rodi da guntun ƙarfe mai faɗi, an goge tsatsarsa, an yi masa ƙafafu huɗu. Ashe ranar da aka yanke ta, Iya ce ta aiki Rauda ta tsinto ta daga tarkace. Wata shida tana ƙarƙashin gadonta. Da aka ce za a sallame shi, ta aika wa Audi ya gyara.

Ya tsaya a kan sanduna yana kallon matakalar, hawaye suna zuba. Daga bakin ɗakinta, ba tare da ta dube shi ba, Iya ta ce, "Rauda, ki gaya wa yayanki ya taka a hankali, ƙarfen yana da santsi."

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga masallacin nan ya ce Malam ya haramta ɗaga mota. Ku ɗaga, ku gyara, hanyoyin ƙauyukanmu suna buƙata. Abin da ya kayar da bawan Allah nan son a gani ne. Ya fara aiki don mahaifiyarsa, ya ƙare yana yi don masu waya, kuma bai san ranar da niyyar ta sauya ba. Sannan ya jingina da kunyar uwa ya danne haƙƙinta. Kunyar nan ƙauna ce, wanda ake yi dominsa shi ya kamata ya fi kowa sa ido.

Ina son mutumin nan. Yana zuwa salla da sandarsa, ya tuba tuba mai kyau, ina kyautata zaton Allah ya karɓa. Amma Rabi ta tafi tana kiran ƙanwarta, wannan kuwa babu mai waldar da zai gyara shi.

Don haka kowa in ya koma gida ya duba. Wane ne a gidanka ya daina roƙonka abu? Wace ce ta ce maka "ba komai" ka yi murna ka wuce? Kada ka jira ta faɗa, ba za ta faɗa ba. In kuma akwai abin da ka ce sai gobe, yanzu la'asar ce, masu shaguna ba su rufe ba.

Allah ya jiƙan Rabi, ya ƙara wa Iya Hadijatu lafiya, ya ba ɗanta haƙuri da sauƙi. Allah ya tsarkake niyyoyinmu, ya sa mu gane buƙatar iyayenmu tun kafin su buɗe baki. Daga son yabo da jinkirin alheri, Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.