Larai Ta Ƙi Rufe Zaurenta

Akwai wani attajiri a unguwar Kusfa, cikin birnin Zazzau, ana ce masa Alhaji Zailani. Atamfa yake sayarwa, kuma shi ne babba a danginsu. In ya ce a'a, ba a saba jin wanda ya ce e ba.

Ƙaninsa Ashiru ya rasu bara waccan. Yana cikin alwala ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Sai a asibiti aka gaya wa matarsa Larai cewa hawan jini ne, ya daɗe yana cin sa ba wanda ya sani.

Maganar ta tsaya wa Larai a rai. Ta je aka auna ta ita ma, aka ce tana da ciwon suga.

Ana nan sai ga wata tawaga ta shigo birni. Likitoci ne da nas-nas daga Nijeriya da Nijar da Gana, sun haɗa kai da ƙungiyoyin masu fama da suga da hawan jini na ƙasashen uku. Gida suke nema a kowace unguwa, inda za a ajiye na'urar awo, a koya wa 'yan unguwa amfani da ita. Wanda aka ga sugansa ko jininsa ya hau, a tura shi asibiti tun da wuri.

Mai unguwa ya tara jama'a. Kafin baƙin su gama bayani, Alhaji Zailani ya miƙe.

Ya ce, "Me ya haɗa mutumin Gana da jinina? Mutum ya baro ƙasarsa don ya auna ka kyauta? Da walakin, goro a miya. Kakanninmu sun sha fura da zuma, sun ci nama, sun tsufa lafiya. Ba gidan da za a ba su a unguwar nan."

Sai aka ji murya daga can inda mata suke zaune.

"A zo gidana. Zauren marigayi yana nan, ba mai zama a ciki."

Larai ce.

Da la'asar Alhaji Zailani ya iso gidan, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba.

"Larai, ni za ki kunyata a gaban mutane?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya Alhaji, ban raina ka ba. Na san in kwana ya ƙare ba makawa. Amma Allahn da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Ashiru ya tafi bai san abin da ke jikinsa ba. Ba zan zuba ido a yi wa wata irin abin da aka yi mini ba."

"To ki zaɓa. Ko ki rufe zauren nan, ko buhun masarar da nake aiko wa marayu ya tsaya."

'Ya'yanta huɗu, kuma ba ta da sana'a sai ɗinkin hula. Duk da haka ta ɗago kai.

"Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa. Zaure kam ba zan rufe ba."

Buhu ya tsaya. Gidan Larai aka koma cin abinci sau biyu, ita kuwa ta duƙufa kan allura har idanunta suna yaji. A gidan biki mata suka riƙa janye tabarma idan ta zauna, suna raɗa wai ta sayar da jinin unguwa.

Amma zaure a buɗe yake. Dakta Radiya, wata likita 'yar Maraɗi da ke cikin tawagar, ta koya mata ɗaura awon hawan jini a hannu da tsira allura a yatsa don awon suga. Da fari mata ɗaya-ɗaya suke zuwa, suna waige-waige. Daga baya har 'yan ƙauye masu kawo itace da tumatir suka fara tsayawa.

Duk wata ana haɗa Larai da masu zuwa zauren ta waya da takwarorinsu na sauran ƙasashen. Matan Maraɗi suka faɗi yadda suka rage gishiri da dunƙulen magi a miya, suka ƙara daddawa. Mutanen Kumasi suka koya musu duba tafin ƙafa kullum, don mai suga kan ji rauni bai sani ba. Larai kuma ta ba su labarin tattakin da matan Kusfa suka fara da safe, su bi gefen ganuwa har Ƙofar Kuyambana su dawo. Ba a jima ba aka ce matan Maraɗi ma sun ɗauka.

In matan Kusfa sun wuce ta gaban shagonsa, Alhaji Zailani sai ya yi tsaki ya ce, "Ƙoshi ne ya yi musu yawa."

Ashe shi ma yana ɗauke da nasa. Ya yi tuntuɓe a babban yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Ƙishirwa ba ta barin sa, ga yawan fitsari. Ya riƙa rufe ƙafar da safa, har ta fara wari.

Wata safiya matarsa Hajiya Fa'iza ta shigo wurin Larai tana share hawaye.

"Alhaji ya ce ki kai masa na'urar gida, kada kowa ya sani."

Larai ta ce, "Yana iya takawa?"

"Yana iyawa, da ƙyar."

"Da ba ya iyawa, da yanzu na yafa mayafi. Amma Hajiya, akwai magidanta da yawa da suka ƙi zuwa saboda maganarsa. In aka auna shi a ɓoye, su kuma wa zai cece su? Yau ranar awo ce, Dakta tana nan. Ya zo yanzu, kada ya ƙara ko awa ɗaya."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin azahar sai ga Alhaji Zailani yana ɗingishi, jama'a na kallo. Ya shiga zaure ya zauna a tabarma, gefen wani lebura da ya zo daga ƙauye. Dakta Radiya na cire safar ta ce a nemo mota, asibiti za a tafi da shi nan take.

Yatsan bai tsira ba, sai da aka yanke shi. Amma ƙafar ta tsira, kuma likitoci suka ce da an ƙara jinkiri da ita ma ta tafi.

A makon da ya biyo baya, layin maza ya fito daga zauren Larai har bakin titi. An samu da dama masu hawan jini ba su sani ba.

Da aka sallamo Alhaji Zailani, ya zo awo yana dogara sanda. Ya zauna a tabarma, ya ce, "Larai, ke dai akwai taurin kai."

Ta ɗaura masa awon a hannu, ta ce, "A gidanku na koya, Yaya Alhaji."

Darasi: Suga da hawan jini ba su san iyakar ƙasa ba, ba su san mai kuɗi ko talaka ba. Tunda cutar ba ta ware kowa, yaƙi da ita ma sai an haɗa hannu, na gida da na waje. Girman kai rawanin tsiya ne, tsayawa kan gaskiya kuwa kan ceci har wanda ya tsane ka. Je a auna ka, ka kai iyayenka, sannan ka tura wannan labari ga wanda ka san yana gudun awo.